Sunan da Inna Ba Ta Kira

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma sunan kakata aka sa mini, wato uwar Baba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na gefen Minjibir ya san an gama da ni ke nan. Inna ba za ta kira sunana ba, don uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ko da ni ce ta biyar ma ba za ta kira ba, don sunan surukarta ne. Baba kuwa sunan mahaifiyarsa ne, ina shi ina ɗaga murya ya aiki mai wannan suna ɗibar ruwa? Ita Kaka, mai sunan, "takwara" take ce mini. Ƙannena kuma "Yaya". Haka sunana ya zauna kamar kayan sallah a ƙasan akwati, kowa ya san yana nan, ba mai taɓa shi.

Baba dai ya samo dabara, "Uwata" yake ce mini, in yi ta fankama. Inna kuwa ko wannan ba ta yi. A wurinta ni "ke" ce. In da baƙi a gidan sai in koma "yarinyar nan". Wani lokaci ina zaune kusa da ita, gwiwata tana taɓa gwiwarta, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa waccan ta duba tukunya." Ita kuma ƙanwar tawa, 'yar rainin hankali, ta juyo a hankali ta ce, "Yaya, wai ki duba tukunya." Wallahi sau da yawa na ji kamar in fashe.

Ni kuwa ina son sunan nan. A makaranta kaɗai nake jinsa, da safe in ana kiran rajista, shi ya sa ban taɓa makara ba. Malamai sun ɗauka son karatu ne ya yi mini yawa, har ana ba da misali da ni. Ban gyara musu ba. Abin da nake so a duniya, tun ina ƙarama, shi ne in ji sunan nan ya fito daga bakin Inna, ko sau ɗaya ne.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka turo mana malamar Turanci, 'yar bautar ƙasa daga kudu, doguwa mai yawan dariya, wadda duk Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ba kyau" ba. Wata rana ta shigo ta ce za mu koyi amsa-amo, wato kalmomin da ƙarshensu yake faɗawa kan sauti ɗaya, irin na baitocin waƙa. Muka zuba mata ido. Ta maimaita, muka ƙara zuba mata ido. Da ta ga ba ma tare, sai ta ce kowa ya fito waje. Ta kai mu gindin darbejiyar da ke bayan ofishin shugaban makaranta, don a nan ne kaɗai sabis yake kamawa, ta ciro wayarta. Kowa zai faɗi sunansa, ta rubuta, wayar ta kawo kalmomin Turanci masu tafiya da sunan.

Kai, ranar an yi dariya. Wani a ajinmu ya samu sofa, wato kujerar falo, nan take aka fara neman a zauna a kansa. Wata ta samu kalma ɗaya tak, wadda ita Malamar ma ba ta san ma'anarta ba, ta koma gefe tana kumbure-kumbure. Wasu kuwa wayar ta nuna ba ta taɓa jin labarinsu ba. Da aka zo kaina Malama ta rubuta, ta ɗan jira, sai na ga ta zaro ido tana jan fuskar wayar da yatsa, tana ja, tana ja. Ta ce in kawo littafina. Na rubuta: freezer, visa, sneezer, geezer, tweezer, squeezer. Akwai wasu ma, ta ce waɗannan sun ishe ni.

Firiza mun sani, akwai ɗaya a shagon mai zoɓo a Minjibir. Biza ma mun sani, maniyyata ba su da zance sai nata. Sauran Malama ta yi mana su da jiki. Ta yi atishawar ƙarya har sau uku ta nuna kanta, muka gane siniza mai atishawa ne. Ta ranƙwafa tana dogara sandar da babu ita tana ƙunƙuni, ashe giza tsoho ne mai mita. Tuwiza hantsakin cire ƙaya, sikwiza abin matse lemo. Ni kaɗai na kwashi shida. Har aka tashi ban taka ƙasa ba.

Sai ta koya mana wasa. Wani zai kira sunanka, kai kuma ka amsa da kalmarka kafin a tafa sau uku, in ka makara ka fita. Muka yi ta yi har muryoyinmu suka dishe. Da za mu tafi ta ce mu je gida mu koya wa iyayenmu, su kira mu mu amsa. Baiwar Allah, ba ta san abin da ta kunna ba. Kafin in bar gindin darbejiyar nan na roƙe ta ta duba mini sunan ƙanwata, aka samu banana, na rubuta a ƙasa.

Lokacin an cire gyaɗa, dawa ta fitar da kai. Na biyo ta tsakanin gonaki ina tsalle ina rera kalmomina, kuma tun kafin in iso bakin rijiya na gama shirya dabarata. Wasa ne ai. A cikin wasa mutum yana mantuwa. In Inna ta shagala tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, bakinta zai zarce ya faɗi nawa kafin kunya ta tuna da aikinta.

Na fara da shirya ƙasa. Sati biyu cur, duk inda na sa ƙafa a gidan nan sai an ji kalmomin nan. Na gano suna hawa taɓarya daidai: firiza, biza, siniza, giza, tuwiza, sikwiza, a sake daga farko. Da su nake daka, da su nake shara, da su nake kora awaki. Ƙannena suka ɗauka, 'ya'yan maƙwabta suka ɗauka. Inna kuwa ta yi kunnen uwar shegu. Sau ɗaya kawai ta tanka, ba ta ko ɗago daga tankaɗe ba ta ce, "Ke, bakin nan naki ba ya gajiya?"

Daga nan na koma kan Kaka, don na san makulli biyu ne a bakin Inna, ɗaya kuma yana hannun tsohuwar. Na same ta a inuwar rumbu tana shaƙar tabarta ta gari, na zauna na fara tsefe mata kai ba tare da ta roƙa ba. Ta ce, "Takwara, me kika fasa?" Na ce ban fasa komai ba, Turawa ne suka aiko mana da gaisuwa, ni da ita, tunda sunanmu ɗaya. Ta gyara zama ta ce in karanto. Firiza ta yi mata daɗi, ta ce dama ita mai sanyin hali ce, abin da duk garin ba wanda zai shaida. Biza ta ce amin, Allah ya kai ta. Ina cewa siniza sai tabar ta hau mata kai ta saki atishawa har ɗankwalinta ya zame. Na faɗi ƙasa ina riƙe ciki. Da ƙyar na iya gaya mata ma'anar. Ta ce to na gaba fa? Na matsa nesa tukuna, sannan na ce tsoho mai mita.

Ta bi ni da mafici har zaure tana cewa ita Turawa ba su san ta ba, ba ta ci musu komai ba, ni ce na kai musu gulmarta. Amma da yamma ta kira ni, na ƙarasa tsifar, na gaya mata abin da nake so. Ta ce, "Ja'ira. To, nawa dai zan yafe mata. Sauran ke da uwarki."

Ranar da na zaɓa ita ce ranar ɓarar gyaɗarmu. Matan gidanmu da na maƙwabta suka taru a ƙarƙashin rumfa bayan azahar, kowacce da faifai a cinya, tarin gyaɗa a tsakiya. Na jira hira ta yi zafi, sannan na miƙe na ce Malama ta ba mu aikin gida, in ba a yi ba za a doke ni. Ƙarya ce, matar nan ko ƙuda ba ta iya duka. Na bayyana musu wasan.

Da farko suka ce ba ruwansu da shirmen boko. Sai wata maƙwabciyarmu mai son raha ta kira ɗiyarta, yarinyar ba ta da kalma, ta daburce, ana tafi na biyu ta ce, "Bokiti." Rumfa ta ɗauka. Shi ke nan wasa ya ɓalle daga hannuna. Ba wanda ya ƙara damuwa da amsa-amo, duk abin da ya yi kama da Turanci ya halatta. Aka kira wata ta ce tocila. Aka kira wata ta ce asibiti. Matan suka bar 'ya'ya suka koma kiran junansu. Wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya aka kira ta, ta yi shiru har tafi na uku, sannan ta ɗaga kai da natsuwa ta ce, "Kananzir." Wata ta kwanta a kan ɓawon gyaɗa don dariya, tana neman a taimake ta da ruwa.

Ina satar kallon Inna. Dariya take yi, irin wadda ban cika gani ba, tana rufe baki da gefen zane. Aka ce saura ita. Ta kira ƙanwata, sunan ya fito mata sumul, ƙanwata ta miƙe ta ƙame ta ce, "Banana." Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta kira mai bi mata, ta kira auta wanda ko magana bai iya ba. Na matso gabanta na tsaya, kalmomina shida a kan harshe.

Kaka ta ajiye faifanta ta ce, "Saura takwarata. Kira ta. Nawa na yafe miki, duniya da lahira."

Aka tafa na ɗaya. Inna ta sunkuyar da kai tana juya ƙwayar gyaɗa a tafin hannu. Aka tafa na biyu. Na ga leɓenta ya motsa, wallahi na gani, har na buɗe baki zan amsa. Sai ta ture faifan ta miƙe ta ce, "Tukunyata tana ƙonewa."

Ba a ko hura wuta ba. Kaza ce kwance a cikin tokar murhun, kowa yana ganinta. Matan suka kwashe da shewa, wata ta rangaɗa guɗa, ana ta cewa kai, wance akwai kunya, 'yar gidan mutunci ke nan, irinsu sun yi ƙaranci. Ita ake yabo, ni kuwa ina tsaye a tsakiyar rumfa kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na bi ta ɗakin girki. Ta juya mini baya tana ta motsa kwanukan da ba su tare mata komai ba. Na ce, "Inna, wai ni ba ke kika haife ni ba?" Hannunta ya tsaya. Na jira. Can ta ce, "Ke, miƙo mini ashana."

Na wurga mata ashanar a faifai na fita. A bayan rumbu Kaka ta same ni ina kuka mai majina. Ta zauna da ƙyar tana nishi ta ce, "Ubanki shi ne na fari a wurina. Tun ranar da liman ya raɗa masa suna ban taɓa ɗora shi a harshena ba. Ga shi can da gemu, bai rame ba." Na ce ni zan rame. Ta ce in rame ɗin, tuwo ya ƙara yawa. Sannan ta rage murya ta ce lokacin da aka haife ni, in da mutane a ɗaki Inna ko kallona ba ta yi, sai an ce ta ba ni nono take ɗaukata kamar an tilasta mata. Amma da ɗaki ya watse, ita Kaka takan leƙa ta tsagar asabari ta gan ta ta ɗora ni a ƙirji tana sansanar kaina. Na ce ni ban gani ba, kuma ba sansana na roƙa ba.

Daga ranar na daina waƙar. Na yi fushi na gaske, na kwana biyu ba na gaishe da Inna da kyau, ita kuma ba ta nuna ta lura ba. Malama ta gama shekararta ta koma garinsu. Littafin ma akuya ta cinye rabinsa. Yara suka samu wani wasan, ni ma na girma na bar maganar, ko da yake ban daina jin ciwonta ba.

Bayan shekara biyar na samu gurbin karatu a jami'a a Kano. Aka shirya zan zauna wurin wata 'yar uwar Baba a Rijiyar Zaki. Ranar tafiya ta faɗo a tsakiyar noman farko, Baba ya yi mini addu'a a zaure ya wuce gona, ƙannena suka tafi makaranta. Inna ta saka hijabinta ta ce ita ma Minjibir za ta, wai akwai barkar haihuwa da ta daɗe ba ta je ba. Ba rakiya ta zo ba, ta faɗa wa Kaka haka har sau biyu, ba wanda ya tambaye ta. Kaka ta ce, "Oho, a gaishe da mai jegon da ba mu da labarinta."

Muka taho, ni a gaba da jaka a ka, hannu ɗaya ƙullin ƙuli-ƙuli, ɗaya ƙullin yaji da kuka. Ambulan ɗin takarduna, takardar shiga da sakamakon jarrabawa da komai, ya rasa wurin zama, Inna ta karɓa ta cusa a cikin hijabi. Haka muka taka har tashar Minjibir.

Ranar kasuwa ce, tasha ta cika maƙil. 'Yan kamasho suna ta ihun Kano, masu talla suna kutsawa, babura suna hon. Aka tura ni can kujerar baya, tsakanin buhun gero da wata mata mai jiki wadda ta ɗora kwandon zabi a cinya. Gilashin wajena a rufe yake, ya ƙi zugewa. Na leƙa na hango Inna ta riga ta juya, ta kama hanyar barkarta. Na ce a raina, to, ko sai an jima babu. Bas ta cika, direba ya tayar, muka fara gangarawa bakin titi.

Na ji wata murya tana cewa "ke, ke", amma a tasha ranar kasuwa kowace yarinya "ke" ce. Na ga masu tallar gyaɗa biyu da mai fura sun waiga. Ni ban ko motsa ba, ina fama da zabin da ke tsattsagar mini gyale. Bas ta hau kwalta, direba ya sa giya.

Sai muryar ta tashi sama da ta 'yan kamasho, sama da hon, muryar da ban taɓa jin an ɗaga ta haka ba tun da aka haife ni.

"Firiza! Biza! Siniza!"

Na murɗa wuya ta gilashin baya. Inna ce a guje a tsakiyar titi, takalmi ɗaya a ƙafa, hijabi yana tashi, ta ɗaga ambulan sama. Matar da ko dariya sai ta rufe baki. Ba ta tsaya ba, ta ci gaba, giza, tuwiza, sikwiza, a jere, yadda nake dakawa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk tashar ta tsaya tana kallonta.

Na fara dukan jikin motar ina cewa direba ya tsaya, ni ake kira. Ya taka birki yana mita. Inna ta iso tana haki. Ba ta zo tagata ba. Ta wurin direba ta zagaya, ta miƙa masa ambulan ɗin, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska ta ce, "Ba wa yarinyar nan." Ta juya ta tafi neman takalminta, ba ta waigo ba.

Ambulan ya biyo hannu-hannu har ya iso gare ni, da ɗumin jikinta a jikinsa. Motar ta ɗauki hanya, fasinjoji suna ta dariya, wani dattijo a gaba yana tambaya wane yare ne wannan. Ni ma dariyar nake yi, hawaye yana zuba a kan takardar, na kasa tsayar da ko ɗaya. Shekara biyar Inna tana riƙe da kalmomin nan. Duk dakan nan da na ɗauka ba ta ji, ashe tana ji.

Mai zabin ta gyara kwandonta, ta leƙo fuskata ta ce, "'Yan mata, wai sunanki ke nan?"

Na share hanci da bakin gyale na ce, "E, sunana ne. Innata ce ta kira ni."